An Ce Allura Ce

"Da bakinki kinka ce a yi mata, ko ba ke ba ce?"

"Ni ce, Inna."

"To in ke ce, mi kike wa kuka? Share hawayenki ki ɗauki taɓarya, rana na yi."

Delu ta kai gefen zanenta ta goge ido, ta sunkuya ta ɗauki taɓaryar. Inna Mairo, uwar mijinta, ta gyara zama a gindin dalbejiya tana jan carbi, idonta na kan turmi. Can cikin ɗakin Inna kuwa Safiya ce kwance tana nishi, ta ɗaure kanta da ɗankwali tamau har jijiyoyin goshinta sun fito. Shekararta goma sha biyu, kuma ita ce 'yar farin Delu.

Abin da ke cikin turmin dutse ne. Turmin na ƙarfe, taɓaryar ma ta ƙarfe. Mai gidan, Ashiru, direba ne a tashar Gusau, yana jigilar hatsi zuwa Tsafe da Bungudu. Tun kafin azumi ya fara shigowa gidansa na 'Yandoto da wasu buhuna da yake ɓoyewa ƙarƙashin na masara, duwatsun zinari da yake saye a hannun masu haƙa a daji. Hukuma ta hana sana'ar, don haka ba a kai su injin niƙa. A tsakar gida ake aikin, ƙofa a rufe. Delu ta daka, Safiya ta tankaɗe da rariya, shi kuma ya wanke garin a daro ya tsince abin da yake nema. Ƙurar takan tashi ta sauka a kan komai: murfin randa, faifan tuwo, gashin girar Safiya. In yarinyar ta tashi daga tankaɗe sai ka ce an shafe ta da toka, ta yi dariya haƙoranta kaɗai ke fari.

Allurar kuwa cikin bazara aka zo da ita makarantarsu, ta rigakafin kansar bakin mahaifa, wadda ake yi wa 'yan mata ƙanana. Ranar Ashiru yana hanya. Safiya ta rugo gida da gudu ta tambaya, Delu ba ta ko tsaya shawara ba ta ce ta je a yi mata, domin wannan ciwon ne ya ci uwarta a Bungudu, ita ce ta yi jinyarta, ita ta wanke tsummokaran jinin. Da aka tsira wa Safiya allurar sai jiri ya kwashe ta, ta zube a layi. Aka yayyafa mata ruwa ta farfaɗo, ta dawo gida tana ba da labari tana dariya, dantsenta na ɗan ciwo. Washegari ta koma kan rariyarta.

Sai da ruwan sama ya sauka sannan ciwon kai ya soma. Daga nan ciwon ciki, daga nan ta daina cin abinci. Ranar da labarin faɗuwarta a layi ya kai kunnen Ashiru, ya tsaya a tsakar gida ya buga tafi ɗaya ya ce, "Shi ke nan, an gama da ita." Tun daga ranar gidan ya sami sunan da zai kira ciwon.

Abin da ya fi ci wa Delu rai shi ne ba ta da ikon zama kusa da ita. 'Yar fari ce, kuma a gidan Inna Mairo kunyar ɗan fari ba abin wasa ba ce. Tun da aka yaye Safiya a ɗakin kakarta take kwana. Delu ba ta taɓa kiran sunanta ba, sai dai "ke" ko "yarinyar nan". Ba ta taɓa rungumarta a gaban mutane ba. Ita ma Safiya "Yaya" take ce mata, kamar wata babbar 'yar'uwa. Yanzu da yarinyar ke juyi a kan tabarma, iyakar abin da Delu ke iya yi shi ne ta dama kunu ta ajiye a bakin ƙofa, ta ɗan daɗe tana gyara murfin kwanon don ta saci kallonta.

"Mi kike leƙe?" in ji Inna. "Ɗiyar fari ce hwa. Ko kunyar ma an yi miki allurar kashe ta?"

Da ciwon ya ɗan lafa, Ashiru ya ce a fito da ita ta sha iska. Da ta fito, ya tura mata rariya da ƙafa.

"Zama wuri guda shi ke ƙara ciwo," ya ce. "Tankaɗe ai ba aiki ba ne, a zaune ake yi."

Safiya ta ɗauka. Yarinya ce mai gudun ɓacin ran uba. Ta tankaɗe rabin ƙwarya, sai rariyar ta suɓuce ta faɗi. Ta sake ɗauka, ta sake faɗuwa. Ta ɗago hannunta tana kallo: tafin ya lanƙwashe daga wuyan hannu ya rataya, kamar ganyen da rana ta doka.

"Baba, hannuna ya ƙi."

"Kun gani ko?" Ashiru ya juya wajen Delu. "Hannun da anka yi wa allurar ke nan."

A dantsen hagu aka yi allurar. Hannun dama ne ya mutu. Delu ta sani sarai, don ita ta gasa wurin da ruwan ɗumi a ɓoye. Ta buɗe baki, ta dubi Inna, ta rufe.

Aka shiga magani irin na gida. Rubutu, hayaƙi, saiwoyi da Inna ke aikawa a sayo ranar kasuwar Tsafe. Safiya ta sha har cikinta ya ƙi karɓa. Yarinyar da ta kai izu goma a allo ta zo tana karanta Fatiha tana tsayawa a tsakiya, ta dubi sama tana neman abin da ke gaba. In ta miƙe za ta kewaya sai ta bi bango. Haske ya zama abokin gabarta, ƙarar taɓarya kuwa kamar a tsakiyar kanta ake bugawa, amma ba a fasa dakan ba ko na yini ɗaya.

Shi kuwa Ashiru ya sami labarin bayarwa. A tasha, a shagon mai shayi, a ƙofar masallaci, duk inda ya zauna sai ya faɗi yadda aka nakasa masa ɗiya da allura, murya na rawa. Mutane su yi salati, su ba shi haƙuri, wani ma ya biya masa shayin. Maƙwabta biyu suka cire 'ya'yansu mata daga makaranta. Ba wanda ya ji labarin buhunan da ke ƙarƙashin masara.

Maganar ta yi yawo har ta kai ga Malama Maryam, ma'aikaciyar lafiyar da ta jagoranci masu allurar. Wata rana da hantsi ta yi sallama a ƙofar gidan. Ashiru ya leƙa, ya dawo da sauri ya jefa tabarma a kan turmi, sannan ya fita ya tare ta a zaure. Delu ta lallaɓa ta tsaya bayan bango, ta kasa kunne.

"Malam Ashiru, na ji abin da ya sami yarinya, shi ne na zo in duba ta."

"Kun duba ta sau ɗaya, ya isa."

"Ka yi haƙuri ka saurare ni. Jiri ko suma bayan allura yakan faru, kuma yakan wuce nan take. Amma wannan da ake faɗa, ciwon kai da mutuwar hannu, ba abin da za a zauna da shi a gida ba ne. Ban ce na san mene ne ba. A kai ta Gusau a auna jininta. In allurar ce, wajibi ne a kanmu mu kai rahoto a bincika, ba za mu ɓoye ba. In wani abu ne daban, a san shi tun da wuri."

"Wato in kai muku ita ku ƙarasa."

"Subhanallahi. To bar ni in ga uwarta."

"Matata ba ta ganin baƙi."

Sai Delu ta ji matar ta yi tari, ta kuma yi, sannan ta ce a hankali, "Malam, wannan ƙurar da ke kan dakalin nan fa? Ana aikin dutse a gidan nan?"

"Ke 'yar sanda ce?"

"A'a. Amma akwai dutsen da ke da dalma a cikinsa, kuma gubarta kan yara take fara sauka, a kai da jijiyoyi. An sha ganin haka a jihar nan, kai ma ka sani. Shi ya sa na tambaya."

"Hita min daga gida! Kun kashe min ɗiya, yanzu kuma sharri za ku ƙulla min?"

Delu ta ji takun matar yana nisa. Ta juyo ta dubi tsakar gidanta kamar yau ta fara ganinsa. Ta dubi randa. Ta kai yatsa ta shafi murfin, ta ɗago, yatsan ya yi fari-fari yana ɗan ƙyalli. Ta tuna ita kanta ta daɗe tana jin ɗanɗanon ƙarfe a bakinta, tana cewa ko ciwon shawara ne.

Da azahar ta kai masa abinci, ta durƙusa nesa kaɗan.

"Malam, na ji abin da matar nan tac ce."

"Laɓe kike min yanzu?"

"Don Allah a kai ta a auna. In ba dutsen ba ne, ai hankalinmu ya kwanta."

Ya ajiye lomar da ya ɗauko. "Dutse ƙasa ne, Delu. Da ƙasa anka yi mu, cikinta za mu koma. Gida nawa ke wanga aiki? Duk ɗiyansu sun mutu?"

"To a daina dakan a cikin gida, ko na ɗan lokaci."

"A kai ina? Bakin titi? Ke kin san in likita ya auna yag ga wani abu, tambaya za ta biyo baya. Daga tambaya sai jami'ai, daga jami'ai sai motata da ni kaina. Sa'annan ku ci mi? Tuwon da ke gabana, da wanda ke cikinki, daga ina kike zaton ya hito?"

Ta ɗago ta dube shi. Bai ce ba dutsen ba ne. Duk cikin maganarsa babu inda ya ce haka. Shi ma ya lura da abin da ta lura, sai ya kawar da kai, ya ɗaga murya don Inna ta ji: "Ke kinka ba da ita ga masu allura ba da izinina ba. Kada ki nemi wanda za ki shafa wa."

"Faɗa mata dai," Inna ta amsa daga gindin dalbejiya.

Ranar wata Juma'a, ana shirin masallaci, Safiya ta fito tana bin bango. Ta kai tsakiyar gida sai ta tsaya cak, idanunta suka juye, ta faɗi ta ƙame, sannan jikinta ya kama jijjiga, ƙafafunta na dukan ƙasa, kumfa na fita ta gefen bakinta. Delu ta yar da taɓarya. Ba ta san lokacin da ta isa ba, sai ganin kanta ta yi a ƙasa ta rungume kan yarinyar a ƙirjinta.

"Safiya! Safiya! Wayyo Allah, Safiyata!"

Shekara goma sha biyu sunan yana bakinta bai taɓa fita ba. Ya fita da ƙarfi har maƙwabta suka ji.

Inna ta iso da buta tana tofa addu'a, amma ko a wannan halin sai da ta ce, "La'ilaha illallahu! Suna gatsau? Delu, yau kin tashi daga ɗiyar mutunci."

Da jijjigar ta sake ta, Safiya ta buɗe ido a jikin uwarta. Ta daɗe tana kallon fuskar kamar ta hango ta daga nesa. Ta ɗaga hannun hagu, mai sauran ƙarfi, ta taɓa kumatun Delu.

"Yaya, ke ce? Ban gani sosai."

"Ni ce."

"Yaya, laifina ne da na shiga layin? Baba ya ce ni na jawo."

Delu ta girgiza kai kawai, hawayenta na ɗiga a goshin yarinyar, suna wanke ƙurar suna barin layi.

A cikin wannan hali aka dawo da Indo, autar Delu, daga Bungudu, inda yayar Delu ta tafi da ita yaye tun farkon shekara. Ta dawo ɓul-ɓul, kumatu kamar a latsa, tana tafiya dagwai-dagwai tana kiran kowa "Tata". Ita ce dariyar farko da gidan ya ji cikin watanni. Delu ta roƙa a bar ta can, Inna ta ce ba a barin ɗiya gidan dangin uwa bayan yaye kamar marar gata. Delu ta yi ta goya ta, amma mai daka dutse ba ta iya yini da goyo. Da an sauke ta sai ta nufi tarin garin nan mai laushi, ta zauna a kai, ta cika hannu ta kai baki. Delu ta ɗauke ta, ta wanke mata baki, ta juya, ta sake samunta can.

Kafin a fara yankan gero kumatun sun zube. Indo ta daina kiran kowa. Ta koma kuka marar dalili, ta yi amai, ta yi barci mai nauyi da rana tsaka. Wata safiya Delu na tsaye a kan turmi ta ji wani irin sauti a bayanta, ta waiga. Indo ce kwance a ƙasa ta sanƙare, 'yan yatsunta a dunƙule, idanunta sun tafi sama, jikinta na karkarwa irin ta yayarta.

Delu ta sure ta. Ta riƙe ta a kafaɗa har abin ya wuce, yarinyar ta yi laƙwas. Ashiru ya fito daga ɗaki da makullin mota a hannu, Inna ta taso da carbinta. Su uku suka tsaya, turmi a tsakaninsu.

"Malam," in ji Delu, muryarta a kwance, "wagga wa ya yi mata allura?"

Ta juya wajen Inna.

"Inna, ke nike tambaya. Shekararta biyu. Tana Bungudu sa'ad da anka zo makaranta. Wace allura ce?"

Inna ta ja carbi sau biyu. "Ai kwano guda sunka sha kunu da yayarta. Irin wanga abu yana naso."

"Iska ce," in ji Ashiru. "Gidan ne anka yi wa baki. Zan biya wurin malam in na dawo daga Tsafe."

Delu ta dube su, ɗaya bayan ɗaya. A lokacin ta gane cewa ko gawa biyu aka shimfiɗa a tsakar gidan nan, za a samo wani suna a kira abin. Allura ta yi musu daɗin zargi domin ta zo ta wuce, ba ta ciyar da kowa, kuma laifinta a kan Delu yake sauka. Turmi kuwa yana nan, shi ke kawo nama ranar kasuwa. An bar yarinya ta rasa hannu, ta rasa karatunta, tana rasa idonta, an kuma sa ta kwana tana zaton ita ta jawo wa kanta. Ita ma Delu an ɗaure ta da kunya, ta tsaya a bakin ƙofa tana gyara murfin kwano alhali 'yarta na narkewa a ciki. Ba ta san tabbas abin da likita zai gani a jinin ba. Abin da ta sani shi ne a gidan nan ba mai son a duba.

Ta sunkuya ta ɗora Indo a baya, ta ɗaure da majanyi. Ta yagi gefen tsohon ɗankwali, ta ɗebi garin dutsen cikin tafin hannu, ta ƙulle, ta soke a ƙugunta. Sannan ta shiga ɗakin Inna kai tsaye, ɗakin da ba ta taɓa wuce bakin ƙofarsa ba sai da izini, ta tallafo Safiya, ta rataya hannun yarinyar a wuyanta, suka fito a hankali, ƙafar Safiya na jan ƙasa.

"Ina za ki da su?" Inna ta sha gabanta. "Ke ba ki jin kunyar idon duniya? Ki ratsa gari rungume da ɗiyar fari?"

"Matsa, Inna, don girman Allah."

Ashiru ya riga ta zuwa zaure ya tsaya a ƙofa. Idonsa ya sauka a kan ƙullin da ke ƙugunta, fuskarsa ta canza.

"Mi ke nan kinka ƙulle?"

"Abin da muke shaƙa."

"Delu, ki yi hankali. Kina so ki ɗaure uban ɗiyanki? Ki ba ni mako guda, in sayar da wanga kaya, ni da kaina zan kai su."

"Tun farkon damina take kwance, kana da mota a hannu, Malam."

"To ki ji da kyau. Kin tsallake zauren nan, a bakin aurenki."

Safiya ta ƙanƙame wuyan uwarta. A waje mata biyu masu ɗaukar ruwa sun tsaya, wani mai babur ya rage gudu yana kallo. Delu ta gyara goyonta, ta ƙara riƙe ƙugun Safiya, ta ɗaga murya yadda na waje ma za su ji.

"Na ji. Asibitin Gusau za ni da ɗiyana, yanzu, a auna jininsu su biyu. Wanga ƙulli a hannun likita zan sa shi, kuma duk abin da yat tambaye ni zan faɗa mishi, har turmin. Takardarka kuwa, ka aiko min can. Ba ni hanya."